Alamar Inna a Ƙarƙashin Dutsen Hankaka

Juma'a, 5 ga Mayu, 1972

Inna ba ta fito ba.

Na rubuta ne don in gani da idona, ko zan yarda. Jiya da hantsi matan ƙauyenmu na Dolge suka shiga nutso. Hazo ya sauko ya rufe teku. Da ya washe kowa ta fito da ragarta, ban da ita. Goran da take rungumewa ta huta a kan ruwa kawai aka gani yana yawo a bakin mashigar jiragen ruwa, raga a rataye ƙarƙashinsa, da 'yan katantanwa da ba su rufe gindin ragar ba. Inna da ba ta taɓa fitowa da raga a sake ba.

Samcun Dok-sun, shugabar masu nutsonmu (Samcun muke ce wa manya), ita ta kawo goran gida a rungume kamar jariri. Kaka ta dube ta ta ce, "Ina mai shi?"

Ƙanwata Ok-nyo ta haye goran tana sukuwa. Shekararta huɗu. Ban hana ta ba.

Asabar, 6 ga Mayu

An daina nutson nema. Ba mai ɗaukar ko katantanwa ɗaya sai an ga Inna. Duk matan suna can bakin mashiga inda aka ga goran, suna shiga suna fita. Ina jin fiton da suke yi in sun ɗago kai, ina ta kasa kunne ko zan ji nata. Nata yana da wata 'yar karaya a ƙarshe.

Ni ban iya nutso ba. Sa'o'ina sun fara tun bara, ni ko ina bakin ruwa ina tsintar ƙananan dodon koɗi a tsakanin duwatsu. Shi ya sa suke ce mini Dodon Koɗi, wai da an yi mini magana sai in shige ɓawona. Inna takan ce, "Ku ƙyale min ita, idonta ya fi bakinta aiki."

Tunda ba zan iya nema a ƙasan ruwa ba, sai na bi gaɓa. Alamarta nake nema. Kowace mai nutso tana da ɗan ɓawo a ɗamararta. In ta ga babban jombok, katantanwar nan mai tsada mai ɓawo kamar kunne, manne da dutse kuma numfashinta ya ƙare, sai ta ajiye ɓawon a gefensa, cikinsa mai sheƙi yana kallon sama, ta hau ta sha iska ta dawo. Kowa da ɓawon ƙaramin jombok take yi. Ta Inna dabam ce, ni na tsinto mata. Na ce a raina in ruwa ya kwance mata ɗamara, alamar za ta riga ta zuwa gaɓa.

Ban samu ba. Na cika aljihu da wasu dai. Ban san dalili ba, hannuna ne ya saba.

Ba zan taɓa shiga tekun nan ba. Na rantse.

Lahadi, 7 ga Mayu

Ok-nyo ta ce a ajiye wa Inna dankalinta. An ajiye. Ya yi sanyi.

Litinin, 8 ga Mayu

Kaka ta je wurin simbang, mai kiran kurwa. An sa Asabar. In ba a ga Inna ba kafin nan, za a cika kwanonta da shinkafa, a ɗaure bakinsa da farin ƙyalle, a jefa a teku a jawo. Abin da aka samu a ciki, ko silin gashi ne, shi za a binne a madadinta. Daga nan a wanke teku, mata su koma aiki.

Na ji Samcun Dok-sun tana gaya wa Kaka a bakin katanga, "Uwa, mun juye wurin nan kamar tukunya. Matan nan suna da bakunan ciyarwa." Kaka ta ce, "Na sani." Shi ke nan.

Silin gashi. Inna guda, mai kafaɗa kamar ta namiji, a ce silin gashi. In an binne kwano ita fa? Ta zauna a can cikin sanyi ke nan har abada, kowa yana wucewa ta kanta da raga?

Baba yana Osaka, ba mu san ma unguwar da yake ba. Ba wanda zai ce a'a.

Na zube gwangwanin ɓawona a tabarma don kada in yi kuka gaban Ok-nyo. Na jera mata su. Katantanwa mai ƙaho, wadda ta girma inda igiyar ruwa ke dukan dutse. Mara ƙaho, ta lungu mai kwanciyar ruwa. Wuri mai ɗigo-ɗigo kamar bayan barewa. Ƙumba mai launin cikin leɓe. 'Yar hular dutse wadda in ka ɗaga ta a rana kake ganin zane kamar haƙarƙarin laima. Ta ce, "Wanne ne na Inna?" Na ce yana wurin Inna.

Talata, 9 ga Mayu



Yau na yi nisa. Kaina a ƙasa ina duba tarkacen da ruwa ya bari, ban lura na wuce Dutsen Hankaka ba. Daga dutsen nan tekun ba namu ba ne, na mutanen ƙauyen Sonmul ne. Sai warin hayaƙi na ji. Matansu sun fito daga ruwa suna jin wuta a cikin zagayen dutsensu. Na tsuguna a bayan katangar don kada su gan ni.

Wata mai babbar murya, na ji suna ce mata Gil-ja, tana cewa, "Wai wace mai mantuwa ce ta bar alama a gindin Dutsen Hankaka? Kullum na wuce tana ƙyalla min ido. Ta zo ta ɗauke abinta mana, ni yawuna ya ƙare."

Wata ta ce, "Ki ɗauke mana, in kina so a aske miki kai."

"Ni? Ko kusa ban je ba. Daga sama nake gaishe ta."

Suka yi dariya. Aka ce kowa ta taɓa ƙugunta. Kowa tata tana nan. Sai suka ce to ta surukar wance ce da ke kwance ta haihu.

Gil-ja ta ce, "Kuma ba ma jombok ba ne. Siriri ne, cikinsa shuɗi. Obunjagi ne. Wace matsiyaciya ce ke alama da obunjagi?"

Ban san lokacin da na tashi ba. Na yi ta gudu har gida, gwiwata ta fashe a kan dutse, sai yanzu na gani.

Laraba, 10 ga Mayu

Ban faɗa wa kowa ba. Na buɗe baki ya fi a ƙirga.

Obunjagi, ɗan ƙanen jombok, yana ko'ina, yara ma suna wasa da ɓawonsa. Kila ba tata ba ce. Amma wa ke alama da shi in ba Inna ba? Dariya aka yi mata ranar da ta ɗaura. Ta ce, "'Yata ce ta zaɓa, kuma ya fi naku haske."

In tata ce, to Inna ta tsallaka iyaka. Cikin hazo, ita kaɗai. Bara waccan da wata 'yar Sonmul ta shigo tekunmu, matanmu sun fasa mata gora sun yaga ragarta, Inna tana cikinsu. Har yau ba ma cin kasuwa gefe ɗaya da su. Kuma in gawa tana tekunsu, su ne za su ajiye aiki, su ne za su ɗauko ta. Saboda wadda ta shiga musu sata.

Da rana ina tankaɗen sha'ir na ce wa Kaka, "Kaka, in a ce Inna ta bi ta wajen Dutsen Hankaka..." Ta ajiye abin da ke hannunta. "Uwarki ba ɓarauniya ba ce. Kada in sake ji."

Can kuma na same ta a bayan ɗaki, ta dafa tulu, tana magana ita kaɗai. "Ni da bakina. Ni na ce bana teburin tsohon nan ba jombok na kirki." Bikin tunawa da Kakanmu namiji ƙarshen watan nan ne. Na tuna ranar da ta faɗa. Inna ta ci gaba da wasa ƙarfenta na ɓamɓaro jombok.

Ashe Kaka ma ta yi tunanin. Tsoro take ji kamar ni.

Saura Alhamis da Juma'a.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na je.

Na fara zuwa wurin Samcun Dok-sun, na tsaya a ƙofarta har karenta ya gaji da haushi, na kasa shiga. Sai na ga gara waɗanda ba su san ni ba.

Na iske matan Sonmul sun fito ke nan. Wannan karon na shiga ta ƙofar zagayen. Duk suka juyo suna kallona. Na ji kamar ba kaya a jikina.

Gil-ja ta ce, "'Yar wa ce wannan? Ke, an aiko ki ne?"

Ina kallon ƙafafuna.

"Kurma ce? Ku ba ta dankali ta tafi."

Wata tsohuwa tana zaune a wurin da iska ba ta kai wa, wurin manya. Gashinta fari fat, haƙorinta ɗaya na ƙarfe. Ita ce shugabarsu, Samcun Bong-rye. Ta ce, "Rufe mana baki, Gil-ja, bakinki kamar na kifin da aka jefo tudu. Matso nan, yarinya. Daga Dolge kike. Na ga goshin."

Na ce, "Alamar." Shi kaɗai ya fito.

"Wace alama?"

"Ta gindin dutse. Ta Innata ce. Gye-ok."

Sun san sunan, duk gaɓar nan an ji.

Wata daga baya ta ce, "Gye-ok ta Dolge? A tekunmu? Wadda ta fasa wa ƙanwata gora?" Wata ta ce, "Kun ji dabara. Sun gaji da nema, suna so mu ajiye aiki mu yi musu." Hayaniya ta tashi.

Samcun Bong-rye ta ɗaga hannu. Ta ce, "Obunjagi ya fi yashi yawa. Da me zan san na uwarki ne?"

Wannan na sani. Ban san yadda aka yi ba, maganar ta yi ta zuba. Na ce ramukansa bakwai ne a kwance, ba a tsaye kamar na jombok ba, na ƙarshen bai gama rufewa ba. Cikinsa shuɗi ne da kore, amma wajen murɗin akwai ja-ja kamar fatar albasa. A bakinsa akwai ɗan gibi inda Ok-nyo ta ciza tana fitar da haƙori. In an kifa shi, a bayansa farar tsutsar ruwa ta yi gida a naɗe kamar kunnen jariri, da wata 'yar ƙarama a gefenta. Na ce shi ya sa na ba Inna. Babbar ita ce, ƙaramar ni.

Ban yi niyyar faɗin na ƙarshen ba.

Gil-ja ta ce a hankali, "Ni cikinsa kawai na gani. Ba a juya alamar mutum."

Tsohuwar ta ce, "Ba a juyawa." Ta daɗe tana kallon teku. "Yau ruwa ya riga ya juya, yana ja kamar saniya. Gobe da safe ni zan sauka. In na juya na ga ba kunnen jariri, na taɓa alamar wata a banza, kuma ke za ki sani."

Ta daga bayan ta ce, "Samcun, in kuma ita ce? Mu ajiye raga saboda ɓarauniya?"

"In ita ce, tana kwance a ɗakinmu. Kin taɓa ganin an bar gawa a ɗaki ana cin abinci? Faɗan gora kuma ki ajiye, kya yi da masu rai."

Ta tura mini dankali mai zafi a hannu. Ta ce in gaya wa Dok-sun ta zo da matanta, kada su zo da baki.

Na gaya wa Samcun Dok-sun. Na gaya wa Kaka. Kaka ba ta mare ni ba. Ta zauna a ƙasa.

In ba ita ba ce fa? In kuma ita ce fa? Ban san wanda nake roƙo ba.

Juma'a, 12 ga Mayu

Ita ce.

Asabar, 13 ga Mayu

Jiya ban iya rubutawa ba.

Muna tsaye a kan duwatsu, matan Dolge gefe ɗaya, na Sonmul gefe ɗaya, ba mai kallon wata. Samcun Bong-rye ta jefa wa Sarkin Ruwa ƙullin shinkafa, ta rungumi goranta ta tafi. Ta kifa, ƙafafunta suka yi sama suka ɓace. Ta daɗe. Da ta ɗago ba ta yi fito ba. Ta cire madubin nutson da ke idonta ta ɗaga hannu ɗaya.

Samcun Dok-sun ce ta fara faɗawa ruwa, sai Gil-ja, sai kowa. Daga nan ban iya bambance namu da nasu ba, kawuna ne kawai da goruna.

Inna tana ƙasa da alamar kaɗan, a cikin wata tsaga da ciyawar teku ta rufe. Ta koma wa jombok ɗin, ta zura ƙarfenta, ya danne, ƙarfen ya maƙale a dutse, igiyarsa kuma tana ɗaure a wuyan hannunta. Duk kwanakin nan matan Sonmul suna wucewa ta sama suna kauce wa wurin, don kada a ce sun yi wa alamar wata kwaɗayi.

Ba su bar ni na ga fuskarta ba. Sun naɗe ta tun a ruwa. Ƙafarta na gani, da tabon da garwashi ya yi mata. Na riƙe. Sanyi.

Wadda ta ce ɓarauniya, ita ta cire zanenta ta ƙara lulluɓa mata.

Simbang ya zo yau kamar yadda aka sa, amma ba a jefa kwano ba. Tekun Sonmul aka wanke.

Litinin, 15 ga Mayu

An binne Inna a gefen gonar sha'ir, an kewaye ta da baƙin dutse. Ita ce da kanta a ciki, duk jikinta. Daga can ana hango ruwa.

Ok-nyo ta cinye dankalin yau, ba ta ce a ajiye ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Lahadi, 21 ga Mayu

Samcun Bong-rye ta zo gaisuwa, a ƙafa, da ƙullin ciyawar miya. Kaka ta rasa inda za ta sa ido. Ta fara cewa, "Abin da 'yarmu ta yi muku..." Tsohuwar ta ce, "Hazo ne. Ni ma na taɓa ɓata a hazo na tsinci kaina a tekunku, har da jombok biyu suka ɓata tare da ni." Kaka ta yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce.

Da za ta tafi na bi ta har bakin katanga. Na ce, "Samcun, alamar."

"Au, ashe kina magana ba a matsa ki ba."

"Ina so in sa a gwangwanina."

Ta ce, "Ban ɗauko ba. Na juya, na ga kunnen jaririnki da 'yar ƙaramar, na mayar yadda na same ta. Ba tawa ba ce da zan ɗauka." Ta gyara ɗaurin kanta. "Jombok ɗin ma yana nan. Ya kai fuskata faɗi, ja'iri. Na gaya wa duk Sonmul mai alama ne. Ba mai taɓawa."

Na ce, "Ai mai alamar ta mutu."

"Wa ya tsinto ɓawon?"

Can na ce na rantse ba zan shiga teku ba.

"Wa ya ce ki shiga? Cewa na yi yana nan. Jombok ba ya sauri, Dodon Koɗi."

Ban san wa ya gaya mata sunan ba.

Na ji haushinta ƙwarai. Abu ɗaya da na roƙa.

Talata, 30 ga Mayu

An yi bikin Kakanmu. Ba jombok a teburin. Kaka ta sa ƙananan dodon koɗin da na tsinto, ta ce wa hotonsa, "Ka ci haka, tsoho. In bai ishe ka ba ka tambayi surukarka, tana kusa da kai."

Laraba, 7 ga Yuni

Na je tsintar dodon koɗi ne kawai. Na bakin gaɓa sun ƙare, shi ya sa na ɗan matsa. Ruwan bai wuce ƙuguna ba.

Madubin idon Inna yana aljihuna, don Ok-nyo tana wasa da shi kada ta fasa. Na goge shi da ganye yadda take yi. Na sa don in ga ko ya yi mini yawa. Ya yi, sai da na ƙulla igiyar.

Na sunkuya. A ƙarƙashin wani dutse na ga obunjagi mai rai. Ban taɓa ganin yana tafiya ba, ɓawonsa kawai na sani. Ashe yana da 'yan gashi kewaye da shi, suna motsi, har ta cikin ramukan suke leƙowa. Na tsaya kallo har ƙirjina ya fara zafi. Da na ɗago wani sauti ya fita daga bakina da kansa. Na waiga, ba kowa.

Ba nutso ba ne. Fuskata kawai na jiƙa.

Daga wurin ana ganin Dutsen Hankaka. Bai kai nisan da nake zato ba.